"Different from", "different to" ko "different than": wanne ya dace a rubutacciyar wasiƙa?

Sani_Garwa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena da ke cikin wannan zaure. Ina da tambaya ga malaman Ingilishi da duk wanda Allah ya hore wa sanin harshen. Ni magatakarda ne a shagon wani ɗan kasuwa a nan Garwa, a arewacin Kamaru, wanda yake saro kayan gyaran babura daga Najeriya ta hanyar Mubi, kuma da yake abokan cinikinsa na can ba sa jin Faransanci, ni nake rubuta masa wasiƙu da Ingilishi idan magana ta kai ga takarda. A makon jiya aka aiko mana da takardar kuɗin kaya ta biyu, sai muka ga farashin kwali da ke cikinta bai yi daidai da na takardar farko ba, maigida ya ce in rubuta in nemi bayani. Ga abin da na rubuta: "The price on the second invoice is different with the price on the first one." Kafin in tura na nuna wa wani abokina ɗan Bamenda, a yankin masu Ingilishi na ƙasarmu, da ke aiki kusa da mu, ya karɓi biro ya ja layi a kan "with" ya rubuta "from" a samanta. Da yamma na kira ƙanwata da ke karatu a Ngaundare, ta ce malaminsu wanda ya yi karatu a Ingila "different to" yake cewa. Ni kuma a waya, cikin shirye-shiryen mutanen Amurka, "different than" nake yawan ji. Wasiƙar tana nan a cikin kwamfuta ban tura ba, domin ba na so sunan maigida ya fita a takardar da za a karanta a ga kuskure. Wanne ne daidai, kuma me ya sa nawa bai yi ba?

Malam_Bello_Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Abokinka ɗan Bamenda ya yi maka gyara na gaskiya, ka tura wasiƙarka da "different from" hankalinka kwance. Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a Marwa, kuma abin da nake faɗa wa ɗalibaina shi ne, a cikin ukun nan "from" ce kaɗai wadda ba mai ce maka uffan a kanta, ko a Landan ne ko a Legas ko a Washinton. Siffar "different" 'yar'uwar aikatau "differ" ce, shi kuwa aikatau ɗin "from" yake ɗauka idan ana nufin wani abu ya bambanta da wani: "this price differs from that one". Duk lokacin da ka yi shakka, ka mayar da jimlar zuwa aikatau ka ji wace kalma yake nema.

Ita kuwa "with" ɗin da ka saka, na san inda ta fito, domin ina ganinta a takardun yaran Hausawa kowace shekara. Daga Hausa ta fito. Mu muna cewa wannan daban yake da wancan, ya bambanta da shi, ya sha bamban da shi, kuma tun ranar farko aka koya mana cewa "da" ita ce "with". Saboda haka harshen uwa ne ya riga ka isa bakin alƙalami, kuma hakan yana faruwa da kowa. "Different with" kuskure ne, ka cire shi daga rubutunka gaba ɗaya.

Hadiza_Kusiri:
Allah ya ƙara basira, Malam Bello. Ina so in ƙara da abin da ya fi damun mu da muka yi makarantar Faransanci tun daga firamare, domin mu kuskurenmu ba "with" ba ne, "of" ne. A Faransanci ana cewa "différent de", kuma a darussan farko an nuna mana cewa "de" ita ce "of", sai muka riƙe wannan kam kamar karatun allo. Na daɗe ina rubuta "different of" kafin wata malama ta zaunar da ni ta nuna mini cewa "de" tana da fuska biyu. Idan aka ce "la porte de la maison", mallaka ce, nan ne "of" take. Idan kuma na ce "je viens de Kousseri", fitowa ce daga wani wuri, nan ne "from" take, kuma wannan ta biyun ce take biye da "différent". Tun daga ranar ban sake ruɗewa ba. Akwai kuma wani abu da nake gani a rubutun ƙannena: suna rubuta "differents prices" da harafin jam'i a ƙarshen siffar, domin haka Faransanci yake yi. Siffa a Ingilishi ba ta canza kama saboda yawan abin da take siffantawa, "different prices" ake rubutawa.

Dan_Benuwai:
Jama'a, ni dai shekara da shekaru ina zuwa Mubi da Yola, kuma ban taɓa ganin cinikin da ya lalace saboda 'yar ƙaramar kalma irin wannan ba. Wanda za ka aika wa takardar ma wataƙila Bahaushe ne kamarka, kuma da zarar ya ga lambobin biyu ya fahimci ƙorafinka. Ka tura kawai, Sani, kada kaya su ƙara tsada kana jiran nahawu.

Sani_Garwa:
Na gode, Malam Bello da Yaya Hadiza. Yallaɓai Ɗan Benuwai, gaskiyarka ce cewa za a gane, amma takardar ba a hannun mutum ɗaya take tsayawa ba. Idan aka samu saɓani a kan kuɗi, ita ce za a ɗauko a ajiye a gaban akawu, wani lokacin ma har a gaban jami'an kwastan, kuma na lura mutane suna auna darajar shago da irin takardar da ta fito daga cikinsa. Har yanzu dai ban ji matsayin "to" da "than" ba. Kuskure ne su ma, ko kuwa daidai ne amma ba a so?

Usman_Injamena:
Salamu alaikum. Ina bin wannan muhawara daga tsallaken kogi, kuma ta burge ni, domin mu a Cadi Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, Ingilishi sai dai wanda ya neme shi. Na lura cewa waɗanda suka zo wa Ingilishi ta hanyar Larabci ba su cika yin wannan kuskuren ba. A Larabci ana cewa "mukhtalif an", kuma harafin "an" yana ɗauke da ma'anar rabuwa da nisanta, kamar dai "from". Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne, idan mutum biyu suka yi saɓanin ra'ayi, Larabcin zamani yana cewa "ikhtalafa ma'a", wato da harafin da yake daidai da "da" ɗinmu, kuma Ingilishi ma haka yake yi da aikatau: "I differ with you on this matter" yana nufin ban yarda da ra'ayinka ba. Ka ga ashe "with" tana da gurbi a wannan dangi, sai dai gurbin nata na jayayya ne tsakanin mutane, ba na bambanci tsakanin farashi biyu ba.

Alhaji_Garba_Ngaundare:
Ɗana Sani, tun da ka sake tambaya, bari in ba ka amsa irin wadda aka ba mu. Ni na yi aikin ofis har na ajiye, kuma waɗanda suka koya mini Ingilishi mutane ne da ba sa wasa da ƙa'ida. "Different than" kuskure ne, ba shi da wani suna. Kalmar "than" aikinta ɗaya ne, wato nuna fifiko: "bigger than", "cheaper than", "more costly than". Duk inda Bahaushe zai ce wannan ya fi wancan, nan ne gidanta. To, idan ka ce farashin nan daban yake da wancan, ai ba ka ce ya fi shi ba, ba ka kuma ce ya kasa shi ba, ka dai ce ba ɗaya suke ba. Ta yaya za ka kawo kalmar fifiko inda babu fifiko? Shi ya sa ma ba za ka taɓa jin Bahaushen da yake tunani da Hausa ya faɗa wannan ramin da kansa ba, sai wanda ya kwaso daga talabijin. Ita kuma "to" tana nuna kusantowa, kamar a "similar to", alhali bambanci nisantawa ne. Maganar titi ce ta mutanen Ingila, ba ta shiga takarda.

Malama_Zainab:
Baba Alhaji, a gafarce ni, zan ɗan saɓa muku a wani ɓangare, ko da yake shawararku ga Sani ita ce tawa. Hujjar da kuka kawo a kan fifiko tana da ƙarfi, kuma bayanin da kuka yi da aikatau "fi" zan ara in kai wa ɗalibaina. Amma tarihin harshen bai bi wannan hujjar sau da ƙafa ba. Kalmar "different" ta shigo Ingilishi daga Faransanci a ƙarshen ƙarni na 14, asalinta kuma Latin ne, daga kalmar da take nufin ɗaukar abubuwa a rarraba su. A rubuce-rubucen da suka wanzu, "different to" ta bayyana tun a ƙarni na 16, Shakespeare ya yi amfani da "different from" a ƙarshen wannan ƙarnin, sannan "different than" ta bayyana a ƙarni na 17, a Ingila ɗin kanta, tun kafin a kafa ƙasar Amurka a 1776. Ke nan duk ukun tsofaffi ne, kuma manyan marubuta sun yi aiki da kowacce. Har H. W. Fowler, wanda littafinsa na 1926 a kan amfani da Ingilishi ya zama madogara ga malaman zamaninku, ya kira ra'ayin cewa "from" kaɗai ce ta halatta, "to" kuma haramun, da sunan camfi.

Game da "than" kuma, ba fifiko kaɗai take bi ba. Muna cewa "other than" da "rather than", kuma "other" ma'anarta ta yi kusa da ta "different" ƙwarai. Mu masu Faransanci mun san wannan: muna cewa "différent de" amma "autre que", kuma "que" ɗin nan ita ce ta "plus grand que". Abin da ake ciki a yau shi ne, "from" ce ta fi yawa a rubutu a ko'ina, "to" ta zama ruwan dare a Ingila kuma baƙuwa ce a kunnen Ba'amurke, "than" kuwa ta fi ƙarfi a Amurka. Don haka ni ba zan kira su kuskure ba kamar yadda zan kira "different of". Zan dai ce kowacce tana da garinta, ɗaya ce kawai take da gida a kowane gari.

Alhaji_Garba_Ngaundare:
'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka, na ƙaru da tarihin da kika kawo, kuma ba zan yi musu da abin da yake rubuce ba. Amma ki duba halin da yaranmu suke ciki. Yaron da ya tashi a Ngaundare yana jin Fillanci a kasuwa, Hausa a gida, Larabci a makarantar allo, Faransanci a aji, sannan a kawo masa Ingilishi sa'o'i kaɗan a mako. Idan kika ce masa uku ne kuma duk sun halatta, abin da zai ji shi ne ba ƙa'ida, gobe ya ƙara ta huɗu da ta biyar daga aljihunsa. Wanda aka haifa cikin harshe yana da kunnen da zai gaya masa inda zai karkace ba tare da ya faɗi ba, mu kuwa ba mu da wannan kunnen, ƙa'idar ce sandarmu. Ki bar su su riƙe ɗaya da kyau, sauran su gamu da su idan sun girma.

Ibrahim_Tafinta:
Ina tare da Baba Alhaji a kan koyar da yara, amma akwai wurin da "from" take ba mai rubutu wahala, kuma ba wanda ya taɓo shi tukuna. Ni aikina fassara ne, daga Faransanci zuwa Ingilishi, galibi rahotannin ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar Arewa Mai Nisa. Idan abin da ke biye da siffar suna ne, kamar farashin Sani, ba matsala: "different from the first price". Matsalar tana zuwa ne idan abin da ke biye jimla ce mai aikatau a cikinta. "From" ba ta iya ɗaukar irin wannan kai tsaye, sai ka sako mata "what" ko "the way" ko wani abu makamancin haka. Ba za ka ce "different from we expected" ba, dole ka ce "different from what we expected". Ita kuwa "than" tana ɗauka ba tare da taimako ba: "different than we expected".

Na taɓa fassara wani rahoto a kan rabon abinci a wani sansanin 'yan gudun hijira, inda ake cewa mata suna dafa hatsin ta wata hanya daban da yadda suke yi a garuruwansu. Na rubuta "in a different way from the way in which they did at home". Na karanta sau uku, na ji jimlar tana jan ƙafa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Mai tace rubutun, wata Ba'amurkiya, ta mayar da ita "in a different way than they did at home", ta zubar da kalma huɗu, ma'ana kuma ba ta ragu ba. Da rahoton ya isa wani ofishin a Turai, wani ya sake dawo da "from". A ƙarshe na sake ginin jimlar gaba ɗaya na ce "not as they did at home", kowa ya yi shiru. Tun daga nan, idan na ga "from" tana jawo mini kalmomi barkatai, nakan fara tambayar kaina ko ina ma buƙatar siffar.

Maman_Fadila:
Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan karkata, amma maganar ta shafe ni. 'Yata tana ɓangaren Ingilishi a wata makarantar harshe biyu a Garwa, kuma badi za ta zauna jarrabawar GCE. Ni da mahaifinta Faransanci muka yi, ba ma iya duba mata aiki. Kwanan baya ta dawo gida ranta a ɓace, ta nuna mini takardarta inda ta rubuta "different to", malami ya zagaye da jan biro ya rage mata maki, alhali ta ce a wani littafin karatu da aka buga a Ingila ta gani. Na rasa abin da zan ce mata, domin ban so in nuna mata malaminta bai sani ba, ban kuma so ta daina yarda da abin da take karantawa. Gwamnati tana ta ƙarfafa mu a kan harshe biyu, tsarin mulkin 1996 ya ce Ingilishi da Faransanci matsayinsu ɗaya, an kuma yi dokar harsunan hukuma a Disambar 2019, amma mu iyaye a arewa ba mu da wanda za mu tambaya idan irin wannan ta taso. Malamai, me zan gaya mata?

Malam_Bello_Marwa:
Hajiya, ki gaya mata gaskiya yadda take, domin yarinyar da ta kai ga lura da abin da ke cikin littafi har ta kawo hujja ta isa a yi mata bayani cikakke. Ki ce mata abin da ta gani a littafin Ingilishi ne na ainihi, mutanen Ingila suna faɗa suna kuma rubutawa, amma malamai da yawa an horar da su a kan "from" kaɗai, kamar yadda Baba Alhaji ya bayyana, kuma a ranar jarrabawa ba ta san hannun da takardarta za ta faɗa ba. Hukumar GCE da ke Buya, wadda aka kafa a 1993, ta gaji tsarin jarrabawa na Ingila ne, amma masu gyaran takardu mutane ne, kowa da makarantar da ya fito. Ni a ajina ba na rage maki a kan "to", nakan dai rubuta "from" a gefe in ce wannan ta fi aminci. A kan "than" kuwa, idan suna ne yake biye da ita nakan gyara, idan kuma jimla ce irin wadda Malam Ibrahim ya kawo nakan bari. Ba duk abokan aikina ne suka yarda da ni a kan wannan ba, mun sha tattaunawa a ɗakin malamai.

Nuhu_Mokolo:
Malam Bello, da girmamawa, ina so in koma kan maganarku ta farko, inda kuka ce wa Sani ya cire "different with" daga rubutunsa gaba ɗaya. A jimlarsa kam kuskure ne, ba jayayya. Amma ni ma'aikacin jinya ne, kuma a littattafan aikinmu da maganar likitoci ina gamuwa da jimla irin wannan: "For adults one tablet is enough, but it is different with children." A nan ba ana kwatanta abu da yara ba ne, ana nufin idan aka zo kan yara lamarin ya canza. Haka kuma ana iya cewa "she is different with her own patients", wato halinta yana canzawa idan tana tare da majinyatanta. Ina tsoron kada wani ya karanta maganarku ya je yana gyara jimlar da ba ta da laifi. A aikinmu bambancin yana da nauyi, domin "different with children" da "different from children" ba saƙo ɗaya suke isarwa ba.

Malam_Bello_Marwa:
Malam Nuhu, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Na yi gaggawar yanke hukunci ne saboda jimlar Sani ce a gabana. Abin da ya kamata in ce shi ne, "with" ba ta haɗa abubuwa biyun da ake bambantawa. Idan ta zo bayan siffar, wani aiki take yi, irin wanda Hausa take yi da "game da" ko "a wajen" ko "idan yana tare da". Misalinka na magani zan shigar da shi cikin darasina, domin ya fi duk misalan da nake da su fito da abin fili.

Hadiza_Kusiri:
Tun da Malam Ibrahim ya kawo zancen sake gina jimla, ina ganin Sani ma yana da wata hanyar da ba mu ambata ba. Zai iya cewa "The two invoices show different prices", ko kuma "There is a difference between the two prices", ya huta da zaɓe. Sai dai a lura, da zarar an koma suna, wato "difference", abokiyar tafiyarsa "between" ce idan an jero abubuwa biyun. Wani abin da yake ruɗa ni har yanzu shi ne idan siffar ta rabu da harafinta, kamar "a different price from the one we agreed". Nan ne hannuna yake son rubuta "than", saboda tazarar da ta shiga tsakani tana sa jimlar ta yi kama da ta fifiko. Malama Zainab, shin a nan ma "from" ce ta fi?

Malama_Zainab:
Ita ce ta fi, Hadiza, muddin abin da ke biye suna ne ko wakilinsa, kamar "the one" a misalinki. Abin da kika ji a hannunki kuwa ba ke kaɗai ba ce, a irin wannan gurbin ne "than" ta fi samun shiga har a rubutun mutanen Ingila. Baba Alhaji, a kan koyar da yara na yarda da ku cewa a fara da ɗaya. Inda nake da damuwa shi ne kalmar da muke amfani da ita. Idan muka ce wa yaro "wannan kuskure ne", ya girma ya tarar da shi a jaridun Landan, sai ya fara shakkar duk abin da muka koya masa, kamar yadda ya kusa faruwa da 'yar Hajiya. Idan kuwa muka ce "wannan na wasu ne, kai ga wanda za ka riƙe", mun ba shi sandar da kuke magana ba tare da mun gaya masa abin da ba haka yake ba.

Dan_Benuwai:
To, na ji bayanin ma'aikacin jinya, kuma a kan magani na sallama, nan kam kalma ɗaya tana iya jawo ɓarna. Amma a kan kwalin kayan babur ina nan a kan bakana. Sani, ka tura ko ba ka tura ba?

Sani_Garwa:
Na tura jiya da safe, Yallaɓai. Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Malam Bello a jimlar farko na rubuta "is different from the price on the first one", a ƙasa kuma na ari ta Yaya Hadiza na ce "Please explain the difference between the two prices." Amsa ta zo da la'asar, sun ce kuɗin mota ne aka haɗa a takarda ta biyu, maigida kuma ya gamsu. Sai dai a cikin amsar tasu akwai jimlar da ta tsayar da ni: "The goods are the same with the first order." Da a makon jiya ne da ban ga komai a cikinta ba, domin mu ma cewa muke yi iri ɗaya ne da na farko. Yanzu kuwa ina zargin "da" ɗinmu ce ta sake shigowa ta wata ƙofar. Ƙanwata ta ce "the same as" ake cewa, abokina ɗan Bamenda kuma ya ce a wajensu "same like" ma ana ji a baki.

Usman_Injamena:
"The same as" ce a rubutu, Malam Sani, ƙanwarka ta yi daidai. Mu nan masu Faransanci "the same than" muke zamewa mu rubuta, saboda "le même que". Amma kafin a ce "the same with" kuskure ce a ko'ina, a tuna da gyaran Malam Nuhu, domin ina jin ana cewa "it is the same with children", kuma ina ganin wannan ma ta halatta a irin waccan ma'anar. Malam Bello, ko haka ne?